Hoton Jar Saniya

Shekara arba'in Alu yana ajiye da hoto guda a cikin gwangwanin shayi, kuma duk wanda ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: hoton saniyarsa ne.

Ba ƙarya ya yi ba. A zamanin soja ne, shekara guda kafin farin da ya share garkunan Kurfai, wani ma'aikacin dabbobi ya zo daga Filinge yin allura, ya ga jar saniyar Alu ta burge shi, ya ɗauke ta. Ga ta nan tsakiyar takarda, ta cika wuri. Amma can gefen hagu akwai wata mace da ƙwarya a ka, rabin fuskarta kawai ya shiga. A'isa ke nan, matarsa. Fari ya ci saniyar, A'isa kuma ta rasu daminar da ta biyo, ta bar ɗansu Hamma yana rarrafe.

Alu Bafillace ne na da. Ko tana raye bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya zauna gaban ɗansa ya ce kewar uwarsa yake yi. Sai ya fake da saniya, mutane kuwa suna ta yi masa dariya, wai tsoho ya kasa mantawa da dabba.

Yanzu idonsa ya yi rauni, takardar ma ta koɗe. Abin da ke cin ransa shi ne fuskar ta fara ɓace masa, a hoton da kuma a zuci.

Ran nan Hamma, wanda ya zama babban dillalin shanu a Baleyara, ya zo gaisuwa.

"Baba, ba ni hoton ga in kai Yamai," in ji shi. "Su wanke shi, su sa cikin salula. Da yatsa biyu kana buɗa shi, komi shi hito ƙato."

Komai ya fito ƙato. Alu ya miƙa masa gwangwanin.

Bayan kasuwa biyu Hamma ya dawo yana murna, ya miƙa masa salula. Lallai sun iya aiki: ga saniya ja wur, har gashin wuyanta ana ƙirgawa. Alu ya ja yatsa zuwa hagu. Ciyawa ce kore shar. Ya sake ja, ciyawa dai.

"Mai hoto ya gyara gehen," in ji Hamma. "Wata mata ta shigo ciki, na ce shi hidda ta."

"Ina takardar?"

"Can nib baro ta, sun share da shara. Mi za a yi da ita? Duk ta lalace."

Alu ya daɗe yana kallon ciyawar da ba a taɓa yin irinta a Kurfai ba. Ya so ya yi faɗa, amma da wa? Shi ya koya wa ɗan nan cewa saniya ce.

"Hamma," ya ce. "A'isa ta. Uwakka ta."

Hamma ya karɓi salular da hannu biyu. Mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa nan ƙasa yana buɗa gefen hagu da yatsa, yana buɗawa, yana tambaya, "Baba, daidai ina take tsaye?"