Birkin Hannu a Gangarar Makaranta

"Mama, wai da gaske ke kika lalata motar?"

'Yata ce ta jefo min tambayar muna zaune a falo, ina shayar da ƙaninta, kakarta tana gefe tana ninke wanki. Shekarunta shida, kuma har yau ba ta iya rage murya ba. Surukata ta ce mata ta tashi ta je ta wanke hannu, amma ba ta ɗago ta dube ni ba. Daga nan na gane sun riga sun yi zancen a waya da Abban yara. Na ce wa yarinyar e, ni ce. Ta wuce wanke hannun.

Wata takwas ke nan da sayen motar, ledar da ke jikin ƙofofinta ma ban gama ɓarewa ba. Abban yara aikinsa na tafiye-tafiye ne, yakan yi sati uku bai kwana gida ba. Ni na matsa masa a saya, domin na rantse ba wanda zai riƙa kai min yarinya makaranta sai ni da hannuna. Makarantar tana can saman tudu. Zuwa ba wuya, dawowar ce abin tsoro: gangara ce doguwa mai lanƙwasa har biyu, a ƙarshenta kuma mahaɗar hanya ce inda manyan motoci ke wucewa.

A satin farko na riƙa saukowa ƙafata a kan birki har sai cinyata ta yi tsami. Kullum ina rayawa a raina, in takalmina ya zame fa? In jaririn ya tsala kuka na waiga fa? Sai wata rana dabara ta zo min. Daga saman tudun na ɗaga birkin hannu kaɗan, ya yi ƙas, ƙas, sau biyu. Nan take motar ta yi nauyi, ta riƙa saukowa a natse kamar an riƙe ta da igiya ta baya. Wata jar fitila ta kama a gabana, wani abu ya fara ƙara ɗin-ɗin-ɗin. Na ɗauka motar tana shaida min ne cewa birkin yana aiki. 'Yata ma har waƙa ta haɗa da ƙarar, muna saukowa tana tafi. Ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗa ba. A ganina birki biyu ya fi ɗaya, kuma uwar kirki ce take tunanin irin wannan.

A gindin gangarar akwai wurin wankin mota. Mai jariri ba ta rabuwa da tumbuɗi da ɓarɓashin biskit a kujera, don haka sau biyu a sati nakan karkata in shiga. Da zarar mai wankin ya saita ruwa a tayoyin baya sai ka ji cuuu, tururi ya tashi. Yakan ce, "Hajiya, yau ma da zazzaɓi kika kawo ta." Mu yi dariya har da shi.

'Yata ce ta fara lura. Ta ce kujerarta tana yi mata cakulkuli duk lokacin da za mu tsaya. Ban kula ba sai da na fara jin abin a tafin ƙafata: ina taka birki, shi kuma yana turo ni, yana bugawa kamar zuciya. Sitiyari lafiya lau, ko motsi ba ya yi, amma bayan motar sai kakkarwa. Ranar da kwalbar madarar jariri ta gangaro ƙasa don girgiza, na ce a'a, gobe sai kamfani.

Na sauke yarinya a makaranta, na wuce inda muka sayi motar da takardun garanti a jaka, jariri a kafaɗa. Raina a kwance yake, don na tabbata laifinsu ne. Sabuwar mota ai ba ta rawa. Aka haɗa ni da babban bakanikensu, wani dattijo mai tabarau, an ɗaure ƙafar tabaraun ɗaya da waya. Ya ɗaga motar sama, ya cire tayar baya, ya kira ni in gani. Faifan ƙarfen da birki ke matsewa, wanda ya ce kamata ya yi ya zama fari yana ƙyalli, ya koma shuɗi-shuɗi kamar gindin tukunyar da aka manta a wuta. Ya kafa wani ɗan agogo mai allura a jikinsa, ya juya faifan da hannu. Allurar ta riƙa kai da komo. Ya ce wannan na nufin fuskar faifan ta daina zama daidai, wani wuri ya yi tudu wani ya lotsa, shi ya sa takalmin birkin ke kamawa yana saki.

Daga nan ya shiga yi min tambayoyi a hankali, kamar likita. Ko na taɓa yin faci, mai facin ya ɗaure notocin taya da bindigar iska, wani ya fi wani tsauri? Ya ce wannan kaɗai yana iya karkata faifai. Na ce ba a taɓa cire tayar ba sai yau. Ko motar ta taɓa daɗewa a ajiye cikin ruwan sama har tsatsa ta kama? Na ce kullum a kan hanya take. Ya duba abin da ke matse takalman ko ya cije, ya ga yana tafiya sumul. Ya goge hannu da tsumma, ya ce to saura abu ɗaya, kuma kada in ji kunya, manyan direbobi ma suna yi: ko nakan manta ban sauke birkin hannu ba?

Na ce, "Ba mantawa nake yi ba, Baba. Da gangan nake ɗagawa. Saboda yara."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya sa na faɗa masa komai, tsawon gangarar, sau nawa a rana, wata nawa. Da na zo kan wurin wankin mota da tururin, sai ya runtse ido.

Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, kuma don tsayuwa aka yi shi, ba don tafiya ba. Duk saukowar da na yi, takalman suna gugar faifan ba hutu har ya ɗau zafin da zai iya soya ƙwai. Sannan in kai shi a watsa masa ruwan sanyi, gefe ɗaya ya huce kafin ɗayan. Ya ce, "'Yata, maƙeri ma haka yake lanƙwasa ƙarfe. Sai dai shi ya san abin da yake so ya ƙera."

Na tambaya ko za a iya gogewa a inji ya daidaita. Ya nuna min wasu siraran tsagu a jikin ƙarfen, kamar gashi, ya ce wannan ba zai sa hannunsa a kai ba. Sai dai sababbi, su kuma ba su da su a ajiye, domin samfurin motar sabo ne, ba wanda ya zaci za a nemi faifan baya yanzu. Sai an yi oda, wata ɗaya ko biyu, bai sani ba. A ofis wani mai farar riga ya karanta min layin da ya ce garanti bai shafi ɓarnar da mai mota ya yi da kansa ba. Ban yi musu ba. Da bakina na ba su hujjar.

Kafin in fita na koma wurin dattijon na tambaye shi ko zan iya lallaɓawa da ita kafin kayan su iso. Ya ce za ta tsaya, amma ba lallai a inda nake so ba. Ya kalli jaririn, ya ce in shi ne, ba zai hau wannan gangarar da ita ba.

A hanyar gida ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, sai wani mai tura amalanke ya ratso gabana. Na danna birki. Motar ta girgiza, bayanta ya ɗan goce, muka tsaya tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba. Shi ko waigowa bai yi ba. Jaririn ya farka yana kuka, ni kuma na kasa ɗaga ƙafata daga kan birkin har aka fara danna min hon ta baya. Ranar na kira maƙwabciyata na roƙe ta ta taho min da yarinya. Motar na shigar da ita gida na lulluɓe.

Yau sati biyar. Kullum da safe maƙwabciyar takan tsaya a ƙofa, yara biyar a cushe a bayan motarta, waya maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa nuna min gajiya ba. Amma na san yadda take sauko da gangarar nan, don ta sha wuce ni kamar iska. Sau ɗaya na daure na ce mata don Allah ta riƙa bi a hankali. Ta yi dariya, ba da mugunta ba, ta ce, "Maman yara, ke da a-hankalinki ya toya sabuwar mota?" Na yi dariyar ni ma. Yanzu abin da nake iyawa shi ne in leƙa ta taga in ɗaura wa 'yata bel da kaina, in tsaya a bakin ƙofa har su sha kwana. Daga ƙarfe ɗaya na rana kuma, lokacin tashin makaranta, ba na iya zama.

Da 'yata ta dawo daga wanke hannun, ta zo ta jingina da gwiwata ta ce to me ya sa na lalata. Na ce tsoro nake ji kada wani abu ya same su. Sai ta ce ita ta fi son motarmu, don a motar maƙwabta ba a waƙa.

Ke da kike karanta wannan, in kin ga jar fitila a gabanki, ba yabonki take yi ba, tsaya ki tambaya. A gangara ki sa ƙaramar giya, ki taka birki ki saki, ki bar na hannu a ƙasa sai kin tsaya cak. Kada ki bari a watsa wa taya ruwa tana da zafi. In kuma yaron da ke baya ya ce kujerarsa tana rawa, ki kai motar a duba a ranar, kada ki jira kamar yadda na jira.