Kibiyar Arewa

…kuma wai ni ne yau a kujerar roba, gwiwa tana gogar teburi, zan nuna musu na iya labarin ƙasa. Ni. An canza manhaja, an ce duk mai koyar da 'yan ajin ƙarshe sai ya zana taswira a kwamfuta, ya ci, a ba shi sabuwar shaida. In ya faɗi, a mai da shi aji ɗaya. A ƙwace min yarana ana gab da jarrabawarsu? To, mu zuba.

Kogi ya fito. Tuddai sun fito, ma'auni ya zauna daram. Saura kibiyar arewa — ina suka ɓoye ta? Na danna nan, na danna can… wannan linzamin kwamfutar sai zillewa yake kamar sabulu.

Da alli ne, tuni. In tsoma shi a ruwa, in ja nahiya guda ban ɗaga hannu ba, aji ya yi tsit. Baba Taswira suke ce min a bayan ido, sun ɗauka ban sani ba. Dokata ɗaya ce: taswirar da ba kibiya, sifili. Ko ta yi kyan me.

Ga ƙarar takalminta, ƙwas, ƙwas, tsakanin layuka. Jami'ar da ma'aikatar ilimi ta turo ta yi mana maki… ɗalibata ce a da, yarinyar layin taga, mai tauna murfin biro. Taswirarta ta fi ta kowa kyau, har inuwar duwatsu ta yi — ta manta kibiya. Na zagaye mata ƙwai da jan biro. Kuka har da majina. Mahaifinta ya tako har ofis, "Malam, a duba mana." Na ce na duba, shi ya sa.

Da safen nan ta durƙusa a gaban kowa, "Baba, an tashi lafiya?" Ta miƙe, ta karɓe wayata kamar ta sauran. Wallahi daɗi ya kama ni. Na so in juya in ce wa malamin da ke gefena, ka gan ta nan? Aikin hannuna ce.

Ta tsaya a bayana. Ina jin numfashinta. Ta gani — ai dole ta gani, ni na koya wa idon nan inda zai fara dubawa. Yatsa ɗaya za ta miƙa, a nan, Baba, ba wanda zai lura… kuma ina so. Allah ya sani ina so. Yaran nan ko aikin fili ba mu gama ba.

Kada ki kuskura, 'yar nan.

Takalmin ya matsa. "Lokaci ya cika, a ɗage hannu." Muryar ta ɗan karye, amma ta faɗa.

Ta zare murfin jan biro… ta kai shi baki. Har yanzu tana taunawa.