Hannun Umara da Kunnensa

"Sake ɗagawa," in ji Mala.

Umara ya ɗora hannun dama a kansa, ya miƙa shi wajen kunnen hagu, yatsun suka tsaya nesa da kunnen. Barira maƙwabciyarsu tana bakin murhu tana dama wa Hajja Kellu kunu, ta sunkuyar da kai. Ta san komai. A gabanta tsohuwar ta koya wa jikanta yadda zai sandarar da kafaɗa, tun kafin ciwo ya kwantar da ita.

A Gaya ba a ɗaukar yaro makaranta sai hannunsa ya zagayo kai ya taɓa kunne. Can Mala yake son kai ɗansa, ya zauna a gidan wani malami mai bulala wanda aka ce yaransa ba sa faɗuwa jarrabawa. Hajja kuwa sabuwar makarantar ƙauyensu Balan take so, rumfar zana a gindin ɗorawa, inda yara ke waƙa su taso da azahar. Ita ta goyi Umara tun rasuwar uwarsa, kuma har yanzu a bayanta yake kwana.

"Su can wasa suke koya," in ji Mala. "Yau ake rufe ɗauka, Barira. So take ya ƙare a kunyar gero irina?"

Daga ɗaki muryar Hajja ta fito a shaƙe: "Ina angona? Ku turo mini angona."

Yaron ya zabura, uban ya tare ƙofar da ƙafa. Tun jiya ya kafa doka: ba shiga ɗakin Kaka sai hannu ya kai kunne. Mala ba wawa ba ne, ya ga yadda hannun nan yake kaiwa ƙwaryar ƙuli-ƙuli a saman danga. Umara kuma, mai taurin kai irin na kakarsa, ya kwana a tabarmar tsakar gida bai karya alkawarin da ya yi mata ba.

Barira ta shiga da kunun. Hajja ba ta ko dubi ƙoƙon ba. Ƙafafunta sun yi sanyi, numfashin yana fita da ƙyar, idonta na kan labule. Barira ta sha zama a kan masu tafiya, ta san wannan ba za ta ga la'asar ba. Tausayi ya kama ta har cikin ƙashi. Ta fito ta durƙusa gaban yaron.

"Umara, taɓa kawai. Kakarka tana nemanka, ba ta da lokaci."

Ya dube ta, ya dubi labulen. Sannan ya ɗaga hannu, ya kama kunnen gaba ɗaya, har da ja.

"Madalla," in ji Mala. Ya sungume shi ya ɗora a bayan keke, inda ƙullin kayansa yake ɗaure tun asuba.

"Mala, ka ji tsoron Allah. Ya leƙa ta ko sau ɗaya."

"In ya shiga, da me zan ɓanɓare shi daga jikinta? Ai da hutu zai zo."

Umara bai fara kuka ba sai da keken ya fita zaure. Hajja ta ji, ta kuma bi kukan da kunne har ya ɓace a hanyar Gaya. Da Barira ta koma ɗakin, tsohuwar ta juyo da ido kanta.

"Ya taɓa?"

Barira ta kasa ƙarya. "Ni na sa shi, Hajja."

Hajja ta mayar da fuskarta bango. Ta cika bayan azahar, daidai lokacin da yaran rumfar ɗorawa ke wucewa ta bayan danga suna waƙarsu.

Barira ta rufe mata ido. Da ta zo miƙe mata hannu, sai ta iske shi a dunƙule, da ƙuli-ƙuli guda a ciki, gumi ya jiƙa shi.