Ƙarƙashin Barandar Nereida

Injiniyan yana jan sarƙa a kan daɓen baranda, Nereida Balmaseda kuma tana tsaye a bakin ƙofa da kofin gahawa a hannu, ta zuba masa ido. Tun da ta baro Kuba ta ga abubuwa iri-iri a Florida, amma ba ta taɓa ganin mutum mai digiri ya sunkuya yana jan sarƙa a ƙasa yana kasa kunne ba.

"Ɗan nan, me kake saurare?"

"Kankare, Mama." Sunansa Jocelyn Desrosiers, ɗan asalin Haiti, shi ƙungiyar masu gidajen benen ta ɗauko ya duba ginin. "Inda yake da lafiya, sarƙar takan yi ƙara garau. Inda gishirin teku ya ci rodin ciki, sai ki ji kamar an ƙwanƙwasa tsagaggiyar tukunya."

Ta ajiye kofin ta ce ya ba ta ta gwada. Daga bakin ƙofa ƙarar tana fita tas. Da ta matsa can ƙarshe, inda ta jera tukwanen furanninta, sai ƙarar ta dushe. Ta koma baya ta sake ja, ta sake ji.

"Ga shi nan," ta ce, har da murmushi, kamar yarinyar da ta ci gasa. Sai da ta ga fuskarsa sannan murmushin ya koma ciki.

Benen ya haura shekara arba'in a bakin tekun Hallandale. A da, duk shekara masu gidajen sukan taru a zauren ƙasa su ɗaga hannu a bar asusun gyara yadda yake, wayam, kowa ya koma gida da sauƙin aljihu. Yanzu doka ta hana wannan, ta kuma ce dole a duba tsofaffin gine-gine. Kuɗin da kowane gida ke biya duk wata ya tashi, maƙwabta da dama sun sayar sun tafi.

"Sai na ga ƙasan daɓen nan kafin in ce komai," in ji injiniyan. "Amma mai gidan ƙasa ya ƙi buɗe mana. Idan rahotona ya je hukumar gari da giɓi, za su iya rufe wannan ɓangaren duka. Kafin nan, don Allah ki daina zama a nan."

Mai gidan ƙasa shi ne Irving Sandler, tsohon mai shagon tabarau daga Brooklyn, wanda ya ba tamanin baya. Sun fi shekara ashirin suna faɗa a kan abu ɗaya: in ta ba furanni ruwa, sai ya ɗiga masa a kan jarida. Yakan leƙo ya ce mata manomiyar sama, ita kuma ta ce masa ya koyi karatu a ɗaki. Tana tsaye a nan sai ta lura da wani abu: rabon da ya yi mata wannan ƙorafin tun kafin damina. Mutumin da ɗigo ɗaya ke tayar masa da hankali, me ya rufe masa baki?

Ta zuba gahawa a ƙaramin kofi, ta sa burodin gwaiba a faranti, ta sauka hawa na biyar.

"Ba na nan," in ji murya daga ciki.

"To wa ke tari?"

"Talabijin."

"Buɗe, tsoho mai taurin kai. Ni kaɗai ce, gahawa tana hucewa."

Ya buɗe kaɗan, ya leƙa bayanta, sannan ya ba ta hanya. Falon da duhu da rana tsaka, an ja labulen baranda ruf. Nereida ta miƙa masa farantin don hannayensa su cika, ta wuce kai tsaye ta yaye labulen.

Katako biyu masu kauri suna tsaye daga ƙasa zuwa rufin barandar, ɗayan a kan jak ɗin mota. Tsakaninsu kankaren rufin ya ɓalle, faɗin faifai, rodi ya fito tsirara, ya kumbura da tsatsa. A gefe ga bokiti cike da ɓaraguzai. A ƙarƙashin ramin daidai, ga kujerarsa.

Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki ɓarbashin tsatsa daga bokitin ta murza, ya marmashe a yatsunta. Ashe ƙarfe ma yana kumbura. Ashe abin da ta ji a kunne ɗazu, ga kamanninsa.

"Wa ya kafa maka waɗannan?"

"Ni da kaina. Na iya awo, ai tabarau na yi shekaru ina yankawa."

"Irving, a kan wannan nake shan gahawa kowace safiya."

Ya zauna a hannun kujerar falo, farantin a cinyarsa. "Kin san 'yata Rochelle. Dalili kawai take nema. Ranar da aka ce ginin nan yana da matsala, ranar za ta sauka daga New Jersey da akwati, ta kai ni gidan tsofaffi inda ake cin abincin dare da la'asar. Ke ma, in suka yanka mana kuɗin gyara, fanshonki zai ɗauka?"

"Wannan matsalata ce. Ka bar ni ina zama a kai?"

"Ai ina ƙasa," ya ce. "Da na ji kin jawo kujera sai in fito in zauna. In na ji wani motsi, in yi miki magana. In kuma ban ji ba har ya rufto, to, ba ke kaɗai ba ce."

Nereida ta kakkaɓe tsatsar daga yatsunta. Ta dubi kujerar da ke barandar, ta dubi siraran ƙafafunsa cikin silifas.

"Wannan ba hankali ba ne."

"Ban ce hankali ba ne."

Ba ta san yadda za ta yi da kuɗin gyaran ba, ba ta kuma san abin da za ta gaya wa Rochelle ba, ko da yake ta riga ta yanke cewa ita za ta fara kiranta. Ta ciro waya daga aljihun rigarta, ta riƙe a gabansa yadda zai ga abin da take yi. Ta kira injiniyan, Irving bai hana ta ba.

"Ɗan nan, sauko hawa na biyar. Ƙofa a buɗe take."

Irving ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan rigarsa, ya shafe 'yan furfurar da suka rage masa.

"Ki gaya masa," ya ce, "katakon nawa ne. In sun gama, su dawo min da abina."