Ranar Shanya

Mirelva ta tura masa makullin a-kori-kurar ba tare da ta ɗago kai ba, ta karanto masa doka kamar yadda take yi wa duk baƙon da ya zo tsibirin Bonaire nutso. In zai shiga teku kada ya kulle mota, ya sauke gilasai, kada ya bar ko tabarau a ciki. Motar da aka kulle ita ɓarayi ke fasawa. Wadda aka bari a buɗe leƙawa suke yi su wuce.

"Ashe har yanzu ba ku daina sata ba a tsibirin nan," in ji Rignald da yaren Holan, don abokinsa Wim, Baturen da suka zo tare, ya ji ya yi dariya.

Wai ba ku daina ba. Ƙaninta ne fa, ciki ɗaya, wanda ta goya a garinsu Rincon tun yana majina. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida, tun jana'izar ubansu. Wannan zuwan ma ba shi ya faɗa ba, sunansa ta gani a jerin masu hayar mota. Ita kuwa Mirelva, Allah ya yi ta da baki, ta ɗan raɗa wa maƙwabciyarsu Shon Bea a ƙofar coci, kafin la'asar magana ta isa kunnen Mama.

Ta bi su waje tana kallo suna loda kaya. Jaka uku ya ɗauko daga Rotterdam, can ƙasar Holan inda yake zaune. Baƙaƙen rigunan roba, takalman iyo masu kama da ƙafar agwagwa, tiyon shaƙar iska da ya naɗe a tawul kamar jinjiri, fitila, wuƙa, agogon auna zurfi. Gilashin fuskarsa ma na musamman ne, da maganin ido a jiki, don Rignald in babu tabarau ba ya bambance jaki da akuya. Kowane abu sai ya ɗaga, ya hura, ya shafa, sannan ya kwantar. Mirelva ta zuba ido ko za ta ga ɗan ƙunshi da ya yi kama da tsarabar tsohuwa. Ko gwangwanin biskit babu.

Da Wim ya tafi karɓo tukwanen iska, sai Rignald ya matso, ya sauke murya, ya koma yaren gida.

"Yaya, don Allah kada ki fara."

"Ni na ce wani abu? Mama dai tun ƙarfe bakwai take zaune da rigar coci."

Ya yi tsaki, ya zaro takardar da suka tsara kwanakinsu. Kwana shida na nutso, sau uku kullum. Ya tuna mata, kamar ba a nan take aiki ba, cewa mai nutso ba ya hawa jirgin sama sai ya wuni ya kwana a tudu. To jirginsu Lahadi ne, Asabar babu shiga ruwa, ranar shanya kaya ce. Ranar zai zo ya zauna da Mama har ta gaji da shi.

Mirelva ta gaya masa tun bikin Ista likita ya daina canja wa Mama magani, kuma shi mai ilimi ya san abin da hakan ke nufi. Ya ce Mama ta fi su duka ƙwari. Ta nuna masa a takardarsa cewa yau da ƙarfe biyu bakin tekun Karpata za su, kuma hanyar dawowa daga can ɗaya ce tak, ta ƙofar gidan Mama take bi. Ya ce a jiƙe zai fito, ga gishiri a jiki, kuma in ya tsaya Mama kuka za ta yi, ta cika shi da abinci, nutson yamma ya lalace.

"Asabar," ya ce, ya ɗan bubbuga mata kafaɗa.

Da azahar ta bar aiki ta nufi Rincon. Ta tarar da Mama a baranda, shuɗiyar riga, hula mai fure, takalmin da ke matse ta. Shekara tamanin da bakwai, numfashi da kyar, amma ta sa Shon Bea a gaba tun safe sai da aka dafa naman akuya da tuwon masara yadda Rignald yake so, aka zuba a kula. Shon Bea na leƙe ta taga, kunne a miƙe. Mirelva ta dubi hular nan, sai ƙarya ta zo mata da sauƙi. Ta ce Rignald ya aiko, wai a kai masa Mama bakin teku, yana ɗokin ganinta.

Mama ba ta tambayi komai ba. Ta rungumi kula.

A Karpata suka tarar da motar Rignald a gindin bishiya, gilasai a sauke yadda aka ce. Rana na dukan tsakar ka, kuma inuwar ke nan a wurin. Mirelva ta buɗe ƙofa ta zaunar da Mama a kujerar gaba, ta ce bari ta gyara tsayuwar tata motar, ta tare hanya. Mama ta ajiye kula a gefe. Ta ga wata tsohuwar riga a dunƙule a ƙasa, ta ɗauka, ta shinshina, ta shimfiɗa a cinya ta fara ninkewa.

Mirelva na dawowa a ƙafa ta hango kawuna biyu sun ɓullo a saman matakalar da ke sauka teku. Rignald ne a gaba, tukunya a baya, gilashin fuska ya sauko masa wuya. Ya tsaya, ya ƙanƙance ido. Abin da ya iya gani shi ne mutum a cikin motarsa, sunkuye, yana taɓa kaya.

"Ɓarawo!"

Da yaren gida ya faɗa, da ƙarfi, a gaban Wim. Ya bi da zagin da ko masuntan Rincon sai sun sha suke yinsa, ya haɗa da uwar ɓarawon da kakarsa. Mirelva ta kira sunansa, iska ta kwashe. Ya sunkuya da nauyin kayansa, ya ɗauki dutse ya wurga. Dutsen ya daki ƙofar, tazarar tafin hannu daga gwiwar hannun Mama.

Ya taho yana tangaɗi, ruwa na ɗiga. Saura taku biyar ya ga hular.

Mama ba ta firgita ba, ko kuwa ta ɓoye. Ta ƙarasa ninke rigar, ta daidaita wuyan, ta ajiye a kan kujera. Sannan ta miƙa wa Mirelva hannu a sauko da ita. Rignald na tsaye baki buɗe, Wim na tambayarsa ko a kira 'yan sanda.

"Mama," ya ce. "Ban gani ba ne. Ba ni da tabarau."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, baƙar roba, furfura a gemu, tumbin da ba ta san shi da shi ba.

"Ka yi ƙiba," ta ce. Ta juya ga Mirelva. "Ke kika ce min ya manta yarenmu. Kin ji dai. Sak ubansa."

Ya soma bayani, ya ce su tafi gida yanzu ma, a fasa nutson yamma. Mama ta ce a'a, kada ya ɓata tsarinsa, Shon Bea ta riga ta gaya mata Asabar ce tata. Inda Shon Bea ta jiyo wannan, Allah kaɗai ya sani. Mirelva ta sunkuyar da kai.

Sun yi taku uku Mama ta tsaya. Ta koma a hankali, ta zura hannu ta tagar motar, ta ɗauko kularta ta rungume.

"Mama, ai nasa ne," in ji Mirelva.

"Ba a barin komai a mota," Mama ta ce. "Akwai ɓarayi."