Majigin Rumbu

A shekarun da kuɗin mai suka fara zuba har aka rasa inda za a kai su, an sayo wa motar majigi ta Tambuwal sababbin fina-finai masu launi. Akwai na gadoji, akwai na tarakta, akwai na wani dogon otal a Ikko, wato Legas, mai ɗakin da ke hawa sama da mutane a cikinsa. Attahiru mai majigi ya yi ta yawo da su ƙauye-ƙauye ana tafa masa. Amma duk ranar da ya shiga Tungar Dikko, can ƙasar Kebbe bayan Fakku, tun bai kashe mota ba ake tare shi da tambaya ɗaya: "Ka taho da Rumbu?"

Rumbu wani tsohon fim ne marar launi, da wasu Turawa biyu suka ɗauka a garin gab da samun mulkin kai, wai don koya wa manoma adana gero. Ba a taɓa jin wanda ya koyi komai a cikinsa ba. Mutanen Tunga sun riga Turawan sanin rumbu tun kaka da kakanni. Muryar mai bayani ta daɗe da shaƙewa, hoton kuma duk ya kakkarce, kamar kullum ana yayyafi a cikinsa. Sai dai mutanen garin ne a ciki, kuma kowa ya haddace shi. Da Sarkin Noma ya fito yana gyara rawani, sai filin ya ɗauka: "Allah shi jiƙan Sarkin Noma!" A amsa da amin. Tsohon liman ya gifta, a yi masa tasa addu'ar. Jaki ya toge, a zage shi da zagin da ake yi masa duk zuwa. Can kusa da ƙarshe Ɗangiwa ya fito yana shafa wa rumbu laka, bayansa Namadi da damin gero a ka. Daga nan sai wurin da aka fi so: kaza ta fito a guje, 'yar Namadi mai shekara uku ta biyo ta tana tangaɗi, gari duka ya kwashe da ihu, "Kama ta, Madina!"

Wadda ta fara lura ita ce Atu, tsohuwa mai daddawa, wadda ba ta rasa gidan makoki ba ta rasa majigi. Wata rana da aka tashi, tana naɗe tabarma, ta ce kamar mai zancen tsadar gishiri: "Ku dai kun lura yadda suka fito cikin abin ga, haka suka bi juna zuwa kushewa?" Aka yi dariya. Dariyar ba ta kai kowa ƙofar gidansa ba. Sarkin Noma ne farkon fitowa, shi ne farkon tafiya. Tsohon liman na biye. Matan da ke sussuka, ta dama ta riga ta hagu.

Sau ɗaya lissafin ya so ya karye, lokacin da maciji ya sari wanzamin garin alhali da sauran mutane gabansa. Gari ya yi ajiyar zuciya. Da majigi ya dawo aka zuba ido, sai ga ƙafar wanzami a gefen hoto, tun wurin da ake ɗaure jaki, sanye da takalminsa na taya da kowa ya sani. Ashe ya riga su fitowa, fuskarsa ce ta makara. Daga ranar ba a ƙara gardama ba.

Liman ya yi wa'azi a kai. Ya ce camfi ne, ajali a hannun Allah yake, ba a cikin gwangwanin Bature ba. Kowa ya ce gaskiya ne. Shi kansa a sahun gaba yake zama, don tsohon limamin nan na cikin fim mahaifinsa ne, kuma an ce ya taɓa jan Attahiru gefe ya tambaye shi ko bai taɓa hango wani yaro da allo yana giftawa ta baya ba.

Mai hankali zai ce gari zai tsani irin wannan fim. Ina! Ƙaunarsa ma ƙaruwa ta yi. A ina kuma mutum zai ga mahaifiyarsa tana dariya bayan ya binne ta da hannunsa? Ga wanda ba ya ciki kuwa, akwai wani daɗi da ba a faɗa, na zama kana kallon layin da ba ka kansa.

Namadi yana kan layin. Shi ya sa ya daɗe da daina kallon fim ɗin zuwa ƙarshe. Da ya ga Ɗangiwa ya ɗebo laka sai ya zame, ya bi bayan gidaje, ya riƙa jin ihun jama'a daga nesa.

Shi da Ɗangiwa sun shekara ashirin ba sa ga maciji, saboda wani gawo da ke kan iyakar gonakinsu. Amma ranar da aka binne wanda ke gaban Ɗangiwa a fim, da la'asar sai ga Namadi a ƙofar gidan abokin gabansa da ƙwaryar fura. Daga nan kullum sai ya je.

"Ɗangiwa, an kwana lafiya? Yaya jikin?"

"Da sauƙi, magajina," in ji tsohon, yana lumshe ido. "Sai dai tun asuba nika jin wani abu nan ƙarƙashin haƙarƙari. Kamar in an samu romon zabo za shi lafa."

Namadi ya yanka zabo. Ya sayo masa bargo a kasuwar Tambuwal. Ya bar masa gawon, har da kunyar noma biyu ta gefensa. Ya hana shi hawan jaki, ya hana shi matsawa kusa da rijiya, in an yi ruwa ya riƙe masa hannu zuwa masallaci.

"Bi a hankali, akwai santsi."

"Kai Namadi, ko uwata ba ta so ni haka ba. Mi kaka tsoro? In na tafi zan kama maka wuri mai inuwa."

Ɗangiwa ya ci, ya yi ƙiba, ya murmure fiye da samari. Bayan girbi, wata safiya, aka je tada shi aka tarar ya cika cikin barci, lulluɓe da bargon. Babu wanda ya yi kuka kamar Namadi, kuma babu wanda ya yi mamaki.

Tun daga maƙabarta abin ya fara. Mutane suka riƙa buɗa masa hanya. A wurin zaman makoki aka ba shi tabarma mafi kyau. Masu gaishe shi suka sassauta murya, suna riƙe hannunsa fiye da yadda aka saba. Wani da suka taɓa cacar baki kan akuya ya dafa shi ya ce, "Namadi, na yafe maka duniya da lahira." Bai roƙa ba.

Abinci ya daina wuce masa. Yana ganin igiya a ƙasa sai ya daskare. Ya daina bi ta bakin rijiya, ya daina zama ƙarƙashin katanga. In babur ya taho ya faɗa cikin kara. In ya kwanta sai ya ji zuciyarsa tana bugawa, ya kasa kunne ko za ta tsallake ɗaya. A cikin wannan hali Madina ta dawo gida goyon ciki daga Jabo, inda take aure, cikin fari ne, kuma ya tsufa. Ta ce, "Baba, ka rame." Ya ce azumin nafila yake yi.

Ba a daɗe ba motar majigi ta shigo gari. Da rana tsaka Namadi ya iske Attahiru a gindin tsamiya yana ɗaura farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu.

"Malam Attahiru, sannu da hanya."

"Yawwa Baba Namadi. Ashe Ɗangiwa lokaci ya yi? Allah shi jiƙai." Ya dube shi, sai ya sassauta murya shi ma. "Yaya jikin naka?"

"Ɗebe ni."

"Daga ina?"

"Daga cikin abin ga. Na sha ganin in ya tsinke kana yankewa kana liƙewa. Yanke ni."

"Haba Baba! Kayan gwamnati na. Kuma ni na yi makaranta, wanga zance na layi..."

"Kai kana ciki?"

"A'a."

"To."

Namadi ya ajiye zabi biyu ɗaure a gefen taya. Ilimin Attahiru ya dubi zabin, ya ga akwai abin dubawa a maganar. Ya buɗe gwangwani, ya riƙa jan zaren fim yana ɗaga shi ga rana har ya iso wurin. Almakashi ya yi ƙas, ya sake yin ƙas. Ya shafa gam, ya haɗa bakin biyu, ya miƙa wa Namadi abin da ya cire.

Namadi ya ɗaga shi sama. Ga shi nan ƙanƙane kamar ƙwayar gero, ba ɗaya ba, Namadi bisa Namadi a jere, kowanne da daminsa. Ya naɗe, ya cusa cikin hula, da niyyar ƙonawa in an watse. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Bayan isha'i gari ya hallara, maza gaba, mata can gefe da tabarminsu. Aka daure aka kalli gadoji. Sannan inji ya sake ruri, yayyafin nan ya sauka kan ƙyalle, Sarkin Noma ya gyara rawani. Namadi ya zauna daram a tsakiyar jama'a, har da amsa amin da ƙarfi. Ɗangiwa ya fito da lakarsa, aka yi masa addu'arsa ta farko, amin ɗin ta fi ta kowa kauri.

Hoton ya yi tsalle. Kaza ta fito a guje.

"Kama ta, Madi..."

Ihun ya karye a tsakiya. Filin ya yi tsit, ban da injin da ke ta ƙara.

"Ina Namadi?" wani ya tambaya. "An tsallake Namadi!"

Daga wajen mata muryar Atu ta taso, ba da ƙarfi ba, amma babu kunnen da ta tsallake: "To. Bayan Ɗangiwa sai ɗiyar ke nan."

Namadi ya waiga. Hasken ƙyalle ya faɗa kan Madina, hannunta ɗaya a kan ciki, dariyar da ta fara tana nan a fuskarta ta rasa inda za ta. Matan da ke kusa da ita sun fara matsa mata wuri. Ya juyo ga ƙyallen. Shekara da shekaru bai kalli wannan wuri ba, ya manta yadda yake ƙarewa: kazar ta shige wani zaure mai duhu, yarinyar ta bi ta ciki. Ba ta fito ba. Hoton ya ɗauke.

Bai san sanda ya tashi ba. Ya bi ta kan ƙafafun mutane, ya yi tuntuɓe da waya, ya iso mota da hula a hannu.

"Maida ni."

"Baba, yanzu fa da rana..."

"Maida ni inda nike!"

"Zabin fa?"

"Riƙe zabinka!"

Zufa ta jiƙe zaren. Attahiru ya goge shi da bakin riga, ya shafa gam, ya danna. Ya saki, abin ya rabu. Namadi ne ke riƙe da tocila, yana haska yatsun Attahiru. Jama'a sun kewaye su.

"In ya ƙi kamawa, ba laifina na ba," in ji Attahiru.

"Jama'a, na sha gaya muku camfi ne," Liman ya ce daga bayansu. Ya leƙo kan zaren. "Attahiru, ka dai liƙa da kyau."

Ya kankare bakin, ya sake shafawa, ya danne da babban yatsa, ya daɗe bai ɗaga ba. Da ya ɗaga, ya kama.

Mutanen Tunga ba sa kallon Rumbu daga tsakiya, don haka aka koma farko. Namadi ya zauna a ƙasa kusa da mota, ya bi matattun ɗaya bayan ɗaya, kowace amin tana matso da shi. Ɗangiwa ya shafa lakarsa. Hoton ya yi gargada, ya yi kamar zai tsinke, sannan ga Namadi: matashi mai faɗin kafaɗa, dami a ka, haƙora cike da baki, ya dubi jama'a ya yi dariya kamar wanda aka gaya wa ba zai taɓa mutuwa ba. A da, nan ake cewa, "A gaishe ka, Namadi!" Yau babu wanda ya ce. Can baya wani baki ya zarce bisa sabo, "Allah shi ji..." aka zungure shi.

Kaza ta fito. Yarinya ta biyo. Kowa na jiran kowa. Sai muryar Namadi ta taso daga gindin mota:

"Kama ta, Madina!"

Sannan gari ya ɗauka.

Ba a rufa kwana biyu ba, da hantsi, Namadi yana zaune a zaure ya ji tsayuwar babur. Maccido ne, mijin Madina, daga Jabo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya tura kwalbar zuma gaba. A hammatarsa akwai sabon bargo, irin na kasuwar Tambuwal, har launin iri ɗaya da na Ɗangiwa.

"Baba, an kwana lafiya?" ya ce, a hankali, idonsa a ƙasa. "Yaya jikin?"

Tun asuba kuwa Namadi yake jin wani abu ƙarƙashin haƙarƙari. Daga cikin gida ya jiyo Madina tana korar kaji daga shanya.

"Da sauƙi," ya ce. Ya miƙa hannu ya karɓi bargon.