Haƙorin da Don Froilán Ya Cire

Shekara biyu Don Froilán ya yi yana ƙera ɗakinsa mai taya a bayan gidansa na Bahía Blanca, bayan ya ajiye tuƙin bas. Shi ya lanƙwasa kwanon alminiyon da ya rufe jikin ɗakin, shi ya kafa gado, shi ya ja wayoyin wuta. In kana son ka ɓata yininka, tambaye shi yadda ya yi. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da fara'a, amma tunda nake ban taɓa jin ya ce bai san abu ba.

A watan Janairu, lokacin da zafi yake kankama a ƙasarsu, ya ɗaura ɗakin a bayan a-kori-kurarsa, ya ɗauki matarsa Nélida, suka yi ta cin hanyar tsakuwa har bakin tafkin Aluminé. A sansanin da suka sauka akwai doka ɗaya da kowa ya sani: ba mai jona wuta a turken lantarkin sansanin sai Doña Casilda ta duba wayarsa. Ita ce mai kula da wurin, kuma ta yi shekara ashirin da wani abu tana aiki a tashar lantarki ta madatsar ruwa kafin ta dawo garinsu. Takan zauna a kan ɗan akwati, ta ɗora wayar a cinya, ta riƙa jan ta tsakanin yatsunta taƙi bayan taƙi, daga wannan kai har wancan, idonta a lumshe. Baƙi suna dariya, ita ko a jikinta.

To ranar da su Froilán suka iso ba ta nan, ta tafi gari jinyar ƙanwarta. Froilán ya ce shi ba yaro ba ne da zai zauna jiran wata ta duba masa aikin hannunsa. Ya warware wayarsa, ya soka fulogi a turke, firji ya ɗauka, ya tafa hannu.

Fulogin nan asalinsa haƙora uku gare shi. Na ukun Froilán ya datse shi da filaya tun a gida, don soket ɗin garejinsa tsoho ne mai huda biyu. Rabin maƙwabtansa haka suke yi, kuma ya ga da idonsa cewa da biyu ma komai yana aiki. Bai yar da ɗan ƙarfen ba, ya huda shi ya rataya a jikin makullansa, yana kankare busasshen ganye daga ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke sha, da shi. Har yabon kansa yake, wai ba ya asarar komai.

Kwana uku Nélida tana mita.

"Tsoho, ƙofar nan fa cizona take yi."

"Ƙofa ce ke da haƙori? Iskar nan ce mai bushewa, da rigar ledar da kike sawa."

"Kai ba ta cizonka?"

"Ni ta san wanda ya ƙera ta."

Nélida ta harare shi ta ƙyale. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ta san inda gardama da shi take ƙarewa. Shi kullum cikin takalmin roba mai kauri yake, ita kuma silifas, don haka ita take jin cizon, shi bai taɓa ji ba.

Rana ta huɗu da hantsi Nélida ta gangara tafki yin wanka. Froilán yana zaune a inuwa da butar ruwan zafi a hammata, sai ga Doña Casilda ta dawo, tana bin layin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, karenta Tizón yana gaba. Karen nan maroƙi ne na gaske. Duk ƙofar da ya iso sai ya ɗora ƙafafun gaba a matakala, ya leƙa ko an rage ƙashin gasasshen nama. Da ya zo ta Froilán, sai ya yi baya, ya zagaye ta can nesa, bindi a matse, ya wuce.

Casilda ta tsaya cak.

"Barka da dawowa, Doña," in ji Froilán, ya cika ƙoƙon ya miƙa mata. "Ga mate, yanzu na zuba."

Ba ta karɓa ba. A ƙasar nan mutum ba ya ƙin mate haka kawai, Froilán har ya ji abin ya sosa masa rai. Ita kuwa ba shi take kallo ba. Ta dubi kare, ta dubi tayoyin, ta dubi katakan da ya tokare ƙafafun ɗakin da su, sannan idonta ya bi baƙar wayar a ƙasa har turke.

"Wa ya jona muku?"

"Ni da kaina. Ai ni na..."

"Ina uwargida?"

Ya nuna da baki. Ga Nélida can tana haurowa daga tafki, ruwa yana ɗiga daga gashinta, silifas ɗaya a hannu don ɗayan ya bi ruwa. Ƙafarta ba takalmi. Ta biyo ta bayan ɗakin, saura taku kaɗan ta kai ƙofa.

Froilán bai taɓa tsammanin mace mai shekara sittin da ƙiba irin ta Casilda za ta iya gudu haka ba. Ba ta yi kira ba, don Nélida kunnenta ɗaya ya yi nauyi kuma iska tana kaɗawa. Ta tsallake butar, ta tsallake kujera, ta faɗa kan turken, ta fizge fulogin. Firji ya yi shiru. A daidai lokacin Nélida ta dafa jikin ɗakin da tafin hannu, ta kama mariƙin ƙofa, ta hau matakala.

"Af," ta ce, "yau ba ta cije ni ba."

Casilda tana haki, ta ɗaga fulogin sama, ta nuna masa gurbin da ya datse.

"Ina na ukun?"

Froilán ya yi 'yar dariya. "Haba Doña, wannan ai ado ne. Shekara biyu ke nan..."

"Ku fito, Señora," Casilda ta ce wa Nélida. "Ku koma can gindin itace, ku duka biyun. Wanda ya matso zan fasa masa kai da filaya."

Ta buɗe jakarta ta ciro ƙwan lantarki mai wayoyi biyu. Ta kafa turken tanti na ƙarfe a ƙasa, ta tuttula masa sauran ruwan butarsa, ta ɗaura masa waya ɗaya. Ɗayar ta maƙala a mariƙin ƙofa. Maƙwabta sun fara taruwa, ta kore su baya da hannu. Sannan ta koma ta mayar da fulogin.

Ƙwan ya kama.

Ba lumshi-lumshi ba, ya kama sosai, har ana ganin haskensa cikin tsakar rana. Ba soket, ba makunni, daga ƙofar da ya ƙera da hannunsa sai ƙasa. Wata mata ta yi alamar gicciye. Shekara talatin Froilán ya yi yana tuƙa mutane cikin dare da ruwan sama, ya san tsoro, amma wannan daban ne. Abin nan ba ya ƙara, ba ya wari, ba ya hayaƙi, ya kwana uku lulluɓe da ɗakin da suke barci a ciki, yana jira kawai wani ya taka ƙasa da ƙafa jiƙaƙƙiya. Kuma Casilda ta gan shi daga nesa, a jikin kare.

Kusa da ƙofar, a kan kwanon, ga shatin hannun Nélida na ruwa, yatsu biyar, bai ko bushe ba.

Casilda ta sake zare fulogin, ƙwan ya mutu. Ta bi wayar har inda ta shige bangon ɗakin, ta jawo ta waje. Girgizar hanyar tsakuwa ta sa bakin kwanon ya cinye robar wayar, jan ƙarfen ciki ya fito yana gogar bango.

"Ka gani? Nan ta tsere," ta ce, yanzu muryarta a hankali. "Wuta gida take nema, Don, gidanta kuwa ƙasa. Haƙorin da ka cire shi ne hanyarta. Da yana nan, da ta bi shi, makunnin turke ya faɗi tun ranar farko. Ka toshe mata hanya, ka ɗora ɗakin kan taya da katako. To ta wa kake so ta bi?"

Nélida ta dubi hannunta, ta juya shi, ta goge a tawul.

"Na dai gaya maka tana cizo," ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi yi masa ciwo.

Froilán ya ciro makullansa, ya yi ta fama da zoben. Ya zare ɗan ƙarfen, duk ya yi kore da ganyen mate, ya ajiye a tafin Casilda. Ta jefa shi aljihu, ta turo masa ɗan akwatinta da ƙafa.

"Zauna. Daga can kai za ka fara. Ka rufe ido, yatsa ya fi ido gani."

Ya zauna ya ɗora wayar a cinya. Casilda ta ɗauki ƙoƙon da ta ƙi ɗazu, ya riga ya huce, ta zuƙe shi tas. Froilán ya ja taƙi ɗaya, ya ja na biyu, amma ya kasa rufe idon. Yana kan bangon ɗakin, inda rana take shanye shatin hannun matarsa, daga ƙaramin yatsa ta fara.